Sandar Modibbo da Turmin Dudu

"Lahiya lau, Malam Tanimu. Ya ruwa? Ya kamu? Ya iya..."

Atishawa ce ta yanke masa gaisuwar. Ba ƙaramar atishawa ba, don kazar da ke tsince-tsince a gindin banda sai da ta yi tsalle ta haye danga. Na jira ya yi hamdala in yi masa addu'a, sai ga ta biyu, sai ga ta uku.

Ni ne Tanimu, masunci a bakin ruwan Wara, mijin Suwaiba. Mai atishawar kuwa Zulkiflu ne, taubashinta. Ubansa da uwarta 'ya'yan marigayi Modibbo ne, makiyayin da har yau tsofaffi ke labarin shanunsa daga Ngaski har Shanga. Shi ɗan namiji, ita 'yar mace, wato a wasan taubasai shi ne ubangida ita baiwa, don haka tun suna yara ba su taɓa haɗa ido sun rabu ba a yi zagi ba. A shekara goma sha ɗaya da na yi da Suwaiba na koyi darasi guda: in suka fara, in kama bakina in ci gaba da ɗinkin koma.

Suwaiba na durƙushe tana juya tarwaɗa a kan banda. Ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Wa ka harba bindiga cikin gidana da hantsi?"

"Ubangidanki na, baiwa. Tashi ki kawo tabarma."

"Au, Ardo na? Na ɗauka jirgin Yawuri na yat tada inji. Sannu da zuwa, Ardon shanu bakwai da rabi."

"Rabin mi?"

"Goshi mana. Wancan ai ba a cewa guda. Ƙashi da hwata na, sai ƙaho."

Maganar ta shige shi, na gani a fuskarsa, kuma ni kaina sai da na ji babu daɗi. Goshi shi ne bijimin da ya rage masa daga jinin saniyar Modibbo ta ƙarshe. Wata biyu ke nan yana ramewa, gashinsa ya mimmiƙe, ƙasan haɓarsa ya kumbura. Usman mahauci ya riga ya je ya zagaya shi sau biyu yana latsa haƙarƙari, ya ce jibi zai dawo da wuƙa, gara a yanka da sauran nama a jiki da a wayi gari a tarar da mushe. Duk Wara an san wannan zancen.

Abin da ya fi cin ran Zulkiflu kuwa shi ne shanun Suwaiba guda huɗu, waɗanda shi da kansa ke korawa tare da nasa kowace safiya. Yanzu bazara ce, ruwa ya ja baya, sabuwar ciyawar burugu ta rufe bakin tafki. Wuri ɗaya suke kiwo, ruwa ɗaya suke sha, sanda ɗaya ke kora su. Da yamma nata su ware su nufo gidanmu, nasa su wuce garke. Amma nata sai sheƙi suke yi kamar an shafa musu man gyaɗa, nasa kuwa ba a magana. Duk dillalin da ya tsaya ya ce, "Kai, wannan jan na wane ne?" dole Zulkiflu ya haɗiye yawu ya ce na Suwaiba ne. Na sha ganinsa yana faɗi kamar ana cire masa haƙori.

Sai a lokacin Suwaiba ta juyo ta dube shi.

"Subhanallahi! Mi yas samu idonka? Ja wur, sai ka ce gauta."

"Mura ta."

"Mura cikin bazara? Ranar da ka gasa mutum ko yana inuwa?"

"Murar manya ba ta duba lokaci. Ku talakawa kuka jiran sanyi."

"Malam," in ji ta, tana duba na, "ka taɓa jin murar da ka ƙamshin tonka?"

Na ce ni ban san komai ba sai kifi. Amma gaskiya tun shigowarsa nake jin barkono na tashi daga rigarsa.

"Shekaranjiya na tahi kasuwa," in ji Suwaiba, "na bar ƙwarya cike bisa rumhwa. Da nid dawo na ishe rabi. Kuma ɓarawon na da takalmin roba, na hagun an liƙe shi da wuta."

A hankali Zulkiflu ya ja ƙafar hagu ya ɓoye ta bayan ta dama.

"Akuya ta," in ji shi.

"Akuya mai takalmi?"

"Akuyoyin Wara sun waye. Ba ki ga har buhun siminti suka ci ba?"

"Kuma ta san ta jawo turmi ta taka ta hau rumhwa?"

"To ni mi ya dame ni da ƙwaryarki? Ni abin da yak kawo ni, gargaɗi. Ki maido mani kitsen shanuna."

"Ina na kai shi?"

"Kin ɗebe kin zuba ma naki. Kowa ya sani. Dangin ubanki masunta na, kuna da hanya da 'yan ruwa. Ni da idona na ga jan nan naki yana magana da wani abu cikin ruwa."

"Ƙwarai kuwa. Kullum da la'asar 'yan ruwa ka aiko masu da tuwon shinkahwa da miyar kurungu. Naka ma an so a aiko masu, sai anka ce Ardonsu rowa gare shi, ko godiya ba ya yi."

"Ki yi ta ba'a. Sheƙin da kika taƙama da shi aikina na. Wa ka tashi da su da sahe? Wa ka zaɓa masu wurin ciyawa? Sandar ga ta Modibbo ita ta yi masu wanga jiki."

Ya ɗaga sandar ya girgiza. Tsohuwar sanda ce baƙa, ta sha hannu har tana ɗaukar ido. Ba ya rabuwa da ita, kuma ba ya kwantar da ita a ƙasa ko jingine ta a bango, don wai haka Modibbo ya yi wasiyya: ko dai tana hannu, ko tana rataye. Ko masallaci ya je, sai ya nemi ƙusa.

"To madalla," in ji Suwaiba. "Mi yas sa sandar ba ta yi ma naka aiki ba? Ko son kai gare ta?"

"Naki tsoronta suka ji."

"Tsoro ka sa ƙiba? Ashe da kai ka hi kowa ƙiba ranar da kura ta yi kuka kat tsere ka bar ni da 'yan maruƙa."

"Ban tsere ba. Taimako nit tahi kira."

"Har yau ina jiran taimakon."

Ya buɗe baki zai rama, atishawa ta riga shi. Wannan karon sai da hularsa ta karkace. Ya zauna a kan kututturen da nake gyaran gura, wato tarkon kifi, ya share hawaye da bakin riga.

"To na ji. Ni na ɗiba. Kuma ba sata ba ta, don kayan baiwa na ubangida na."

"Ka yi mi da shi?"

"Kullum da marece in na kawo shanunki ina ganin kina ba su wani koren gari cikin dussa. Nic ce to ga asirin. Da nig ga koren gari bisa rumhwa..."

Suwaiba ta saki kifin da ke hannunta. Ni ma allurar koma ta tsaya mini cak, don na san abin da ke cikin wannan ƙwaryar. Ganyen dogonyaro ne da barkono mai yawa, take dakawa tana barbaɗawa kewayen kwandunan banda don kada ƙwari su shiga kifi. Ranar da take wannan dakan, ni kaina ruwa nake shiga tun da wuri.

"Zulkihilu," in ji ta, "ba ka shinshina ba?"

"Na shinshina."

"To?"

"Nic ce wanga zahi shi na ƙarhin maganin."

"Ka ɗanɗana?"

"Jikan Modibbo ba ya ba sa abin da bai lasa ba. Na lasa. Na ga taurari da rana. Nic ce lalle baiwag ga muguwa ta, shi yas sa taka ɓoyo."

"Ka ba Goshi?"

"Na cakuɗa mai da dussa na aje gabanai. Yas sa hanci, yaj ja, sai yab busa. Rabi a idona, rabi a nashi."

"Sai me?" Wannan ni ne na tambaya, na karya dokata.

"Bijimin da ya yi wata biyu yana jan ƙahwa, Malam Tanimu, sai ga shi ya tashi da gudu. Ni yab biyo. Bai bar ni ba sai da nish shiga ruwa iyaka gindi. Kuma daidai wurin da mata ka wanki."

Suwaiba ta zauna daɓas a ƙasa tana riƙe ciki. Dariya take har muryarta ta ɗauke, tana nuna shi da yatsa ta kasa magana. A nan zan faɗi gaskiya, kishi ya ɗan kama ni. Shekara goma sha ɗaya ina ba ta labaran ban dariya na ruwa, ban taɓa sa ta irin wannan dariyar ba. Kuma na san tun suna yara dangi ke cewa su biyun za a haɗa, Allah ne bai yi ba. Na ja zaren koma da ƙarfi har ya tsinke.

"Ashe dai na warkar da shi!" in ji ta da ta samu numfashi. "Ka biya ni ladan magani, tun da har ya yi gudu."

Zulkiflu bai yi dariya ba.

"Tun ranar bai sake cin komi daga hannuna ba," in ji shi. "Ko dussa zalla nik kai, sai shi kau da kai. In na matso shi juya mani baya. Jiya bai hita kiwo ba. Yau da sahe na ishe shi kwance, na yi kira na yi kira, ko kunne bai motsa ba."

Nan dariya ta mutu. Suwaiba ta miƙe ta karkaɗe zane, ta rage wutar banda, ta dawo ta tsaya a kansa.

"Wata biyu sanka na ciwo. Kullum kana bakin ƙohwar ga da marece. Mi yah hana ka buɗe baki ka tambaye ni?"

"In tambaye ki? Ni? A ce jikan Modibbo na wajen namiji ya zaka koyon kiwo wajen mai banda?"

"Gara ka yi sata ke nan."

"Sata ta hi sauƙi," in ji shi. "Ke ba ki san yadda nika ji ba in anka yaba jan nan naki. Ni nik kore shi, ni nish sha rana, amma sai in ce na Suwaiba na. Wallahi wani lokaci har addu'a nika yi ƙaya ta soke shi, shi ɗan yi ɗingishi ko na kwana biyu."

"Allah shi maida maka aniyarka."

"Ya maida ai. Ga ta nan kwance a garke."

Suwaiba ta tsura masa ido. Da ta sake magana, muryarta ba ta wasa ba ce.

"Kai ka san ƙyashi? Wata nawa ka yi kana jin shi? Ni shekara talatin. Ka tuna ranar da Kaka Modibbo yat tara mutane yab ba ka sandar ga?"

"Na tuna. An zaɓi wanda yad dace."

"Ni na hi ka sanin shanun nan. Kowace saniya na san sunanta da na uwarta. Kai ko lokacin ko tatsa ba ka iya ba, saniya ta taɓa shure ka cikin ƙwarya. Amma anka ba ka sanda gaban jama'a, don kai ɗan namiji na. Ni na zagaya bayan rumbu ina kuka. Can Kaka Dudu ta ishe ni, tac ce, 'Tashi, ke ma ga naki.' Ka san mi tab ba ni? Wancan."

Ta nuna tsohon turmin Dudu, matar Modibbo, da ke gindin rumfa, wanda Zulkiflu ya taka ya hau ya yi sata. Turmi ne mai tsaga a baki, an ɗaure shi da waya. Sau nawa na ce a faskara shi a sa a banda, ta ce in na taɓa shi sai dai in nemi wata matar.

"Kai sanda, ni turmi, sai wata 'yar maraƙa mai zawo da kowa yac ce ba ta kai damana," in ji ta. "Na yi shekaru ina hararar turmin ga. In na ga ka wuce da sandar ga bisa kahwaɗa, ji nika yi kamar in hisge in jehwa ta tsakiyar gulbi."

"Allah ya tsare ta daga hannun masunta."

"Kun ɗauka sanda ta tsare shanun Modibbo? Ku maza kuna gindin icce kuna yabon sanda, mu muna bayan ɗaki muna daka. Tun ina shekara tara Kaka Dudu ka sa ni wanga daka, ina yi ina ƙunƙuni. Kowace bazara, tun ruwa bai hwara ja ba, take hwara ba su. Tac ce burugu na da daɗi amma ƙarƙashinai duk ƙananan katantanwa na, su ka kawo tsutsar hanta. Dabbar da tash shiga da ƙarhin jiki sai ta hita lahiya, wadda tash shiga da yunwa sai dai mahauci."

Zulkiflu ya ɗan matso, amma ya yi kamar yana gyara takalmi.

"Ba wai ina tambaya ba. Mi aka zubawa?"

"Tun da ba tambaya kaka yi ba, bari in gaya ma Malam." Ta juyo wajena. "Malam, ganyen zogale na, wanda anka shanya cikin ɗaki, don in rana ta gan shi ya zama ciyawa. Shi yas sa ba ka taɓa ganinai bisa rumhwa ba, in kana da hankali. Sai sassaƙen maɗaci, ɗan kaɗan, kamar tsawon yatsa, in ya yi yawa ba su ci. Tahwarnuwa. Jar kanwa. Sai 'ya'yan gawo masu yawa, don su ka ɓoye ɗacin. A daka, a tankaɗe, cikin hannu guda cikin dussa kowane marece."

"Shi ke nan?" in ji Zulkiflu. "Ba tohi? Ba laya?"

"Akwai bisimilla."

"Duk abin ga na bayan gidanmu! Zogalen da ka bakin rijiya ni nika sare shi ina yar, don yana tara ƙwari!"

"Na sani. Ni ka bi baya ina kwashewa. Allah shi saka."

Ya dafe kai da hannu ɗaya, don ɗayan na riƙe da sanda.

"Amma ka ji da kyau," in ji ta. "Wanga gari ba ya hidda tsutsar da ta riga ta zauna cikin hanta. Ƙarhin jiki shika ba su, cuta in ta zaka ta ishe su tsaye. Nawa ma sau biyu a shekara malamin dabbobi ka zuwa shi ɗura masu magani. Goshi sai an haɗa mai duka biyu."

"Mai hwarar riga? Wanda yas san sa cikin takarda?"

"To ka zaɓa, ko shi ko Usman. Shi ma hwarar riga gare shi kahin shi hwara aiki."

Zulkiflu ya miƙe, ya gyara hula, ya yi gyaran murya irin ta hakimai.

"To. A matsayina na ubangidanki, na yanke hukunci. Ki ɗebo garin nan cikin ƙwarya ki biyo ni. Na yahe maki laihin ɓoyo."

"Ranka shi daɗe, ya ƙare jiya. Sai an daka sabo."

"To daka."

"Kihi na bisa wuta. Ga turmi, ga taɓarya, kayan na ɗaki."

"Wa? Ni?" Sai da ya ja da baya taku biyu. "Namiji da gemu? Jikan Modibbo shi yi daka cikin gidan masunci? Gobe a kai ni kasuwar Wara a waƙa?"

"Waƙa ai an riga an hwara tun wajen wanki."

"Sai dai ki ga gawata."

"To jibi ka gaishe mani da Usman. Ka ce shi aje mani hanta, in ga ko akwai abin da yar rage."

Ta koma bakin banda abinta. Zulkiflu ya tsaya tsakar gida yana kallon turmi, yana kallon ƙofa. Na ga ya yi taku biyu wajen ƙofa, na ce a raina shi ke nan, girman kai ya yanka Goshi. Sai ya tsaya, ya leƙa waje hagu da dama, ya jawo ƙyauren ya rufe har da sakata.

"Malam Tanimu, ka rantse ba ka ga komi ba."

Na ce masa idona a kan koma yake.

Suwaiba ta fito da kayan ta zuba a turmi. Ya kai hannu ɗaya ya ɗauki taɓarya, ta rinjaye shi. Daka sai da hannu biyu, ga kuma sanda. Ya duba bango, babu ƙusa. Ya duba rumfa, duk kwandunan kifi. Ya miƙo mini.

Zan iya karɓa, ba wani abu ba ne. Amma na dubi fuskar matata, na ga yadda take kallon sandar nan, sai kishin da nake ji ɗazu ya ba ni kunya. Na ce masa hannuna duk ƙarni ne, ba zan ɓata kayan Modibbo ba.

Ya yi tsaki, ya juya.

"Riƙe, baiwa. Riƙo na ce, ban ce kyauta ba. Kuma da hannun dama."

Ta goge hannu a zane har sau biyu kafin ta karɓa. Na zaci za ta yi masa gori, ashe ba haka ba. Yatsunta suka sauka daidai inda hannun tsohon ya cinye icen, ta daɗe tana shafa wurin. Idonta ya ciko, ta ce hayaƙin banda ne.

Dakan Zulkiflu kuwa abin kallo ne. Bugun farko 'ya'yan gawo suka yi tsalle har cikin komata. Na biyu ya sami bakin turmi.

"Tsakiya, Ardo! Turmi na, ba maciji ba!"

"Turminki na karkatacce."

"Shekara talatin yana daidai, sai yau? Lanƙwasa gwiwa. Kaka Dudu da tsuhwanta ta hi ka ƙarhi."

"Ki bar nuna ni da sandata!"

"Yi aiki, ko in gwada ta bisa bayanka in ji ko da gaske tana sa ƙiba."

Kafin garin ya yi laushi ya jiƙe sharkaf, tafin hannunsa ya yi bororo biyu. Ta tankaɗe, ta cakuɗa da dusa a ƙwarya, ta ce ya ɗauka. Ya ce ta ba shi sandarsa. Ta ce ƙwaryar cike take, sai da hannu biyu. Haka muka fita da azahar ta gota, ita a gaba da sanda a kafaɗa, shi a baya rungume da ƙwarya, ni kuma a ƙarshe, don na ƙudura ko kifin duniya zai ƙone sai na ga ƙarshen wannan abu.

Mun tarar da Goshi kwance a gindin wata bishiyar ƙirya, ƙudaje sun yanyame masa ido. Yana hango Zulkiflu da ƙwarya ya kau da kai gefe. Zulkiflu ya tsaya cak da ƙwaryar a hannu.

"Koma baya," in ji Suwaiba. "Kana warin laihi."

Ta durƙusa, ta ɗebi garin a tafin hannu, ta fara wani kira a hankali cikin maƙogwaro, wanda ban taɓa jin ta yi ba. Zulkiflu ya ce mini a kunne, kiran Kaka Dudu ne. Goshi ya motsa kunne. Ya juyo, ya shinshina, ya ja kai baya, ya sake shinshinawa. Ita kuwa ba ta janye hannunta ba. Can sai ga harshe ya fito ya share tafin hannunta. Ta sake ɗebowa, ya sake lashewa. A na huɗu ya tattara ƙafafun baya ya ɗaga gindi, ya yi tangaɗi, ya miƙe tsaye ya sa kai cikin ƙwaryar da kansa.

"Alhamdu lillahi," in ji Zulkiflu, ya fi sau biyar. Sannan ya laluba aljihu ya miƙo mini wayarsa ba tare da ya dube ni ba. "Sa mani lambar mai hwarar rigar nan. Ku ce shi zo gobe da sahe."

Ana cikin haka sai ga Usman mahauci a kan babur, wuƙaƙensa naɗe a buhu.

"Na ji an ce ya kwanta, nic ce kada in bari sai jibi," in ji shi. Ya dubi san yana ci, ya dubi Zulkiflu da garin zogale har a gemu. "To yaya ke nan? Ana yi ko an hwasa?"

Zulkiflu ya dubi Goshi, ya dubi tafin hannunsa.

"Ba da ni za ka yi magana ba," in ji shi. "Ga mai sanda nan."

"Juya da baburinka, Usman," in ji Suwaiba, tana nuna masa hanya da kan sandar. "In kana son abin yanka, ga Ardo nan, sai dai ba kitse."

Da ƙurar babur ta lafa, ta miƙa masa sandar da hannu biyu, yadda ake miƙa wa babba abu.

"Ungo kayanka. Na riƙe, na ji daɗi."

Bai karɓa ba. Ya buɗe mata tafin hannunsa.

"Dubi abin da turminki yay yi mani. Da mi zan riƙe ta? Bar ta wajenki."

"Har yaushe?"

"Har in iya daka."

"Ashe ta zama tawa har abada."

Zulkiflu ya tuntsire da dariya har yana dafa bayan Goshi, sai atishawa ta zo ta yanke masa ita a tsakiya. Goshi ya ɗago kai daga ƙwarya ya harare shi, sannan ya ci gaba da cin abincinsa.